Itatuwan da Na Dasa Za Su Raba Mamata da Gonarta

Anti Hajaratu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ruwan farko ya sauka. Idan ya sauka ban yi komai ba, mamata za ta rasa gonar da take nomawa shekara ashirin da huɗu, kuma ni ce sanadi. Ki yi haƙuri da Hausata, ta Mubi ce, a makaranta da kasuwa na koye ta, wani wurin za ki ga na mai da mace namiji. Kada ki sa sunana. Sunayen mutanen da zan ambata ma na canza su, ko da yake duk wanda ya san mu zai gane. Oho dai, abin ya riga ya zama zancen unguwa.

Ni malama ce, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Mubi, shekarata talatin da ɗaya. Iyayena mutanen duwatsun Michika ne, amma a nan aka haife mu. Tun ina jami'a wata cuta ta kama ni, haka yayana Levi yake kiran abin, wato karatun ƙagaggun labaran kimiyya. Ba irin na yaƙi da jirage a sararin sama ba, waɗannan ko kaɗan ba sa burge ni. Waɗanda nake so su ne na duniyar da ta lalace, ruwa ya ƙafe, daji ya ƙare, ƙasa ta mutu, sai wasu 'yan tsirarun mutane su tashi su ce sai sun gyara ta. Wani ya ɓoye iri a kogo, wani ya ƙera na'urar tara raɓa, wata tana renon tsutsar ƙasa a tukunya tana lallaɓa ta. Anti, na karanta sun fi arba'in, yawanci a waya, dukkansu da Turanci, don ni dai ban taɓa cin karo da irinsu da Hausa ba. Wannan ya ba ni haushi har na ce bari ni in rubuta. Nawa labarin a Mubi yake faruwa, shekara ɗari biyu nan gaba, Mayo Yedzaram, wato koginmu, ya zama yashi zalla, duwatsu sun zama tsirara, sai wata mata mai suna Asta ta fito da ƙwarya cike da iri. Na kai babi na goma sha ɗaya.

Mutane suna ganin shirme ne, amma ni ba don nishaɗi kawai nake karanta su ba. Abin da ke cikin littattafan nan ina ganinsa da idona. Lokacin da muke yara, idan muka hau hanyar Vimtim akwai inuwa har mu isa. Yau sai buhunan gawayi a jere a bakin hanya, da zafin da ke sa mutum ya tsani ransa. Ina tsayawa gaban allo ina koya wa ɗalibai zaizayar ƙasa, suna kwafa a littafi don jarrabawa, alhali ƙasar tana zaizayewa a bayan gidajensu ba wanda ya waiwaya. Idan na karanta labarin mutanen da suka tashi suka yi wani abu, sai in ji kunya ta kama ni.

To, ga maganar gonar. Tana bayan Muchalla, ba ta wuce eka biyu ba. Ba tamu ba ce, aro ce. Mahaifina ya aro ta wajen amininsa Baba Jibrilla, wanda suka yi fataucin gyaɗa tare tun suna samari. Mahaifina ya rasu a 2015, ba da daɗewa ba bayan mun dawo daga gudun hijira. Da Baba Jibrilla ya zo gaisuwa, a gaban mutane ya ce muddin Mama za ta iya riƙe fartanya, gonar tana hannunta. Kowace shekara bayan girbi Mama tana kai masa dami ɗaya na dawa. Ba haya ba ce, alama ce kawai ta cewa mun san mai gona. Da dawar gonar nan da gyaɗarta da wakenta aka yi mana makaranta mu uku. Mama shekararta sittin da uku yanzu, na sha roƙonta ta huta tunda ina ɗaukar albashi, takan ce ranar da ta daina noma mu fara haƙa mata kabari.

Shekara huɗu da suka wuce ruwa ya fara yin hanya ta gefen gabas na gonar. A lokacin akuya ma za ta tsallake. Yanzu kwazazzabo ne, namiji zai tsaya a ciki ba a hango kansa ba. Kowace damina sai ya cinye kunya uku ko huɗu, da shukar da ke kai. Na yi wa Mama magana, ta ce za a gani. Na yi wa Levi, ko a jikinsa. Na taɓa tsare Mahmoud, babban ɗan Baba Jibrilla, a tasha na faɗa masa, ya ce ikon Allah ne, ya hau mashin ɗinsa ya wuce. Haba Anti! Gonar mahaifinsa ce fa take tafiya cikin mayo.

Sai na fara renon itatuwa a ledojin fiya wata a bayan ɗakin gwaje-gwaje na makaranta. Gawo, darbejiya, ɗorawa, da 'yan mangwaro da kashu don Mama ta sami abin ci da na sayarwa nan gaba. A watan Yulin bara ƙanwata Tina ta haihu a Yola, Mama ta tafi zaman jego na kwana arba'in. Ni da ƙawata Purity muka yi Asabar uku muna dashe, muka sa guda tamanin da bakwai, wasu a bakin kwazazzabon, wasu a kan iyaka, mangwaron kuma a tsakiya. Na sayi waya da turakun ƙarfe na kewaye gefen gabas saboda awaki da shanu. Sannan na yi abin da yanzu idan na tuna nake ji kamar in nutse: na sa aka rubuta allo da fenti, Dajin Asta, na kafa a bakin gonar, na ɗauki hoto na sa a Facebook. Mutane suka yi ta yaba mini, har da waɗanda ban sani ba. A raina kuwa Mama za ta dawo ta tarar da abin mamaki ta sa mini albarka.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na taɓa jin cewa ba a dasa itace a gonar aro. Na ji tun ina yarinya. Amma na ɗauka irin maganganun tsofaffi ne na da, kuma na ɗauka duk mai hankali zai ga cewa taimako nake yi. Gonar wa nake ceto? Ba tasu ba?

Ranar da Mama ta dawo ta je gona, zama ta yi daɓas a kan kunya ta ɗora hannu a ka. Ban taɓa ganin ta haka ba ko ranar rasuwar Baba. Ta ce in cire su a ranar, kafin wani ya gani. Na ƙi. Na roƙe ta ta ba ni lokaci, na ce ni da kaina zan je in yi wa Baba Jibrilla bayani. Ban je ba. Kullum sai in ce bari su ɗan girma tukuna ya ga amfaninsu da idonsa. Shi ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ba ya zuwa gona. Dawa ta tashi ta rufe su, Mama ta kwantar da allon a cikin ciyawa, ni kuma idan na je sai in tayar. Haka muka yi ta yi har kaka.

Da aka girbe, komai ya fito fili. Mama ta kai dami yadda ta saba. Bayan kwana biyu sai ga Mahmoud da damin a bayan mashin. Ya sauke a ƙofar gida, ya gaida Mama cikin ladabi har da durƙusawa, ya juya ya tafi. Har yau damin yana jingine a ɗakin ajiya, Mama ta hana kowa ya taɓa shi.

Duk da haka ban daddara ba, Anti, ki ga irin taurin kaina. Rani ya shigo na ci gaba da ban ruwa. Sau biyu a mako, Laraba da Asabar, in ɗauki mai mashin mu ɗora jarka huɗu daga mayo mu kai, in bi su ɗaya bayan ɗaya da gwangwani. Fatata ta ƙone, takalmana biyu suka mutu a hanyar nan. Wasu sun bushe, gara ta ci wasu, amma sittin da ɗaya suna raye. Wasu darbejiyar sun kai ƙuguna. Na san kowannensu, na san wanda ya kusa mutuwa ya farfaɗo.

Makon jiya mai unguwa ya aiko wa Mama saƙo. Iyalin Baba Jibrilla sun ce a cire itatuwa da waya da allo gaba ɗaya kafin ruwan farko, in ba haka ba za su ba wani gonar. Ko an cire ma wai Mahmoud ya ce sai ya yi tunani. Daga baya na ji dalili. Ashe akwai ƙanin Baba Jibrilla da ya taɓa ba wani aron gona a wajen Sorau, mutumin ya dasa mangwaro, bayan ya mutu 'ya'yansa suka nuna itatuwan a gaban shari'a suka ce na ubansu ne, gonar ta tafi ke nan. To ni ina ruwana da mutanen Sorau? Ni ɓarauniyar gona ce? Mahmoud ya san ni tun ina rarrafe, a kwano ɗaya muka ci tuwon Sallah a gidansu, a gidanmu suke cin shinkafar Kirsimeti. Shi ne yau zai dube ni da idon mai ƙwace?

Gida kuwa ya zama wani iri. Levi baki biyu yake da shi. Da safe ya ce littattafan banza sun juya mini kai, da na takarda ne da ya tara su ya cinna musu ashana. Da yamma kuma ya dawo daga wurin abokansa ya ce ai shekara ashirin da huɗu ba wasa ba ce, mu je kotu, wai akwai wanda zai tsaya mana. Mama ta ce duk ranar da ya taka ƙofar kotu a kan Baba Jibrilla ba ta yafe masa ba. Ni kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu da ita. Ta daina zuwa zumuntar mata ta coci don kunyar tambayoyi. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna tana ɓare irin gyaɗa tana zaɓa, ba ta ma san inda za ta shuka shi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a cikin masu surutun nan kaf babu wanda ya taka ya je ya kalli kwazazzabon. Ba Mahmoud, ba mai unguwa, ba Levi. Kowa maganar wa ya dasa yake yi, ba wanda yake maganar cewa nan da shekara goma babu gonar da za a yi faɗa a kanta. Masu sare itace su yi gawayi suna wucewa ta gaban kowa ana yi musu sannu da aiki, ni da na dasa ni ce mai laifi. Wace irin duniya ce wannan? A littattafan da nake karantawa, wahalar ita ce samun iri da ruwa da haƙuri. Ni na sami duka ukun, sai ga shi abin da ya kayar da ni bai taɓa fitowa a ko ɗaya daga cikinsu ba.

Rubutuna ma ya tsaya cak. A babi na goma sha biyu ne ya kamata Asta ta dasa itacen farko jama'a su taru suna murna. Na zauna ya fi sau goma, hannuna ya ƙi. Ji nake ƙarya zan rubuta.

Anti, me zan yi? In ɗauki fartanya in kashe itace sittin da ɗaya da na raya da gumina, alhali na san gaskiya tana wurina? In je wurin Baba Jibrilla ni kaɗai, ko da yake Mama ta hana ni? Ko in bi Levi? Kuma ki faɗa mini tsakani da Allah, littattafan nan ne suka ɓata ni? In haka ne in goge su daga wayata in huta. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Kamaru, ba ni da lokaci.

Mai Dashe, Mubi

AMSA

'Yata Mai Dashe, na karanta wasiƙarki sau biyu. Hausarki ba ta da laifi, duk abin da ke ranki ya iso. Tunda kin ce lokaci ya ƙure, ba zan yi miki kwana-kwana ba.

A kan kwazazzabo kina da gaskiya. Ƙasa tana tafiya, mutane suna kallo, kuma abin takaici ne a ce mai dasawa ake tuhuma ana gaida mai sarewa. Ba ki da mugun nufi, wannan a fili yake. Macen da za ta yi rani guda tana jigilar jarka a bayan mashin don itacen da ba ta da tabbacin za ta ci 'ya'yansa, ba ɓarauniya ba ce. Na yaba miki, kuma ba yabon lallashi ba ne.

Amma ki ɗan tsaya a inda Mahmoud ya tsaya, ki duba abin da ya gani. Ya ga gonar mahaifinsa an kewaye gefenta da waya. Ya ga allo da sunan da ba na gidansu ba. Ya ga mangwaro a tsakiyar gona, wanda duk manomi ya san ba a dasa shi sai a inda mutum yake sa ran jikokinsa za su ci. Ya ga an tallata wa duniya a waya, shi da mahaifinsa ba wanda aka yi wa sallama. Kuma duk wannan an yi shi ne a bayan idon mai riƙe da aron, aka ɓoye wata biyar. Ƙari a kan haka, gidansu sun taɓa rasa gona ta wannan hanyar. 'Yata, ni ma da gonar ubana ce, abin da ya yi zan yi, wataƙila ma ba zan durƙusa ba. Shi ba zuciyarki yake gani ba, waya da allo yake gani. Kuma ba ke kaɗai yake tsoro ba. Ke yau kina da amana, to 'ya'yanki fa, da 'ya'yan Levi, bayan ku da shi duk kun kwanta? Ga shi tun ba a je ko'ina ba yayanki ya fara ambaton kotu.

Dokar nan da kika ɗauka maganar tsofaffi ce, ita ce ta ba mahaifiyarki gona shekara ashirin da huɗu ba takarda ba shaida. Mai gona yana sakin jiki ya ba da aro ne saboda ya san mai aro ba zai dasa itace ba. Ranar da aka daina kiyaye wannan, ranar za a daina ba gwauruwa irin mamarki gona. Kin kuma faɗa da bakinki cewa kin san dokar, kuma kin yi alkawarin zuwa wurin dattijon ba ki je ba. Nan ne laifinki yake, ba a dashen ba.

Littattafanki kada ki goge ko ɗaya. Ni ban taɓa karanta irinsu ba, amma daga bayaninki na lura da abu guda. A cikinsu duniya ta riga ta watse, masu ƙasa sun mutu ko sun gudu, shi ya sa jarumar take ɗaukar iri ta shuka inda ta ga dama ba ta nemi izinin kowa ba. A Mubi kuwa kowane taku na ƙasa yana da mai shi, yana raye, yana da 'ya'ya, yana da abin da ya taɓa ƙona shi. Littattafan sun ba ki ido da ƙwazo, sun yi aikinsu. Sallama da neman izini kuma a gida ake koyonsu. Babin da ya ƙi rubutuwa ya ƙi ne don yanzu kin san abin da ba ki sani ba lokacin da kika tsara shi. Ki bar Asta ta dasa, sannan mai ƙasar ya fito ya tambaye ta wa ya ba ta izini. In kin rubuta wannan da gaskiya, mutanenmu za su karanta su ga kansu a ciki, kuma shi ne abin da na Turancin ba za su iya ba ki ba. Amma rubutu ya jira, ba shi ne da gaggawa ba.

Yau ɗin nan ki fara da mahaifiyarki. Ki durƙusa ki ba ta haƙuri, haƙurin da babu “amma” a bayansa. Kada ki ambaci zaizayar ƙasa, ta fi ki sanin ta, ita take rasa kunyoyin. Ki gaya mata duk abin da ta yanke shi za ki bi. Gobe da safe ki je ki cire allon da wayar da turakun, ki sauke hoton daga Facebook. Wannan kada ki jira sai an zauna, ki yi shi kafin kowa ya sake tambaya, don shi ne zai fara nuna wa mutanen cewa ba riƙe gona kike nufi ba. Mangwaro da kashu ki haƙe su da ƙasarsu a ranar, su ne suka fi tayar da hankali, kuma ke malamar kimiyya ce, kin san ba su za su tare kwazazzabo bana ba.

Kada ki je gidan Baba Jibrilla ke kaɗai, kuma kada ki je ba da yardar Mama ba. Aron nata ne, ita za ta shige gaba. Ku nemi dattijo ɗaya da ya san mahaifinki ya kuma san Baba Jibrilla, ku roƙi mai unguwa ya halarta. Lallai Mahmoud ya kasance a wurin, kada ku tsallake shi ku je wa tsoho don kuna ganin ya fi taushi, gobe da Mahmoud za ku zauna. Ku tafi da damin nan da aka dawo da shi. Idan an ba ki dama ki yi magana, ki gajarta: kin yi kuskure, mahaifiyarki ba ta da hannu, ta ma ce ki cire su kin ƙi ji. Wannan na ƙarshen ki faɗe shi da ƙarfi kowa ya ji, don shi ne zai wanke ta.

Bayan an karɓi haƙurin, ba kafin nan ba, sai dattijon ya gabatar da roƙo. Itatuwan da suka rage a bakin kwazazzabo a bar su a matsayin na Baba Jibrilla da 'ya'yansa, a rubuta a takarda a gaban mai unguwa da shaidu cewa ke da Levi da Tina da zuriyarku ba ku da haƙƙi a ƙasar ko a itacen, kowa ya sa hannu. A roƙi Mahmoud ya taka ya ga ramin da idonsa kafin ya ba da amsa. Mutumin da aka cire wa tsoron ƙwace yakan iya ganin abin da tsoro ya hana shi gani. In sun yarda, ku nemi izinin jera duwatsu da dasa ciyawar jema a bakin ramin, waɗannan ba sa nuna mallaka, kuma sun fi ƙananan itatuwa saurin riƙe ƙasa. Jera dutse a gangare kuwa ba sai kin nemo a littafi ba, mutanen Michika gadonsu ne, ki tambayi mamarki ta nuna miki.

Levi kuma ki gaya masa ya rufe bakinsa da maganar kotu, ya kuma nisanci masu zuga shi. Ni ba lauya ba ce, amma ku da kanku kun san aro aka ba ku, damin kowace shekara shaida ne. Ko da wata dabara za ta ba ku nasara, mahaifiyarku ba za ta iya cin dawar gonar da aka ƙwace wa aminin mijinta ba. Kuma irin wannan rigima, idan ta fita daga hannun gidaje biyu, masu neman abin hura wuta suna nan suna jira.

Saura abin da ba kya son ji. Mai yiwuwa ne ku yi duk wannan Mahmoud ya ce shi dai a cire. Haƙƙinsa ne. In ya faɗi haka, kada ki yi musu, kada ki kawo lissafin shekara goma, ki ce to. Ki ɗauki fartanya ki cire su da hannunki, kada ki bari mahaifiyarki ta yi, kada ki bari a turo wani ya yi. Wanda zai ɗauku da saiwarsa ki kai makarantarku ko ki ba masu gonar kansu da suke so, wanda ba zai ɗauku ba ki haƙura. Zai yi miki ciwo, ki yi kukanki, ba abin kunya ba ne. Amma ke shekararki talatin da ɗaya, kina da hannu da ilimi, za ki sake renon wasu ɗari, wata rana ma a ƙasar da kika saya da kanki. Mamarki tana da sittin da uku, mijinta ya rasu, kuma babu wanda zai sake ba ta aron gona a garin da aka ji cewa gidanta suna dasa itace a ƙasar mutane. Idan ta rasa wannan, ta gama noma ke nan, kuma kin ji abin da ta ce game da ranar da ta daina.

Ki tashi ki je wurinta yanzu, tun hadarin bai zubo ba. Allah ya sanyaya zukatan gidajen nan biyu, ya ba ki juriyar abin da za a yanke, ya sa mahaifiyarki ta shuka gyaɗarta a gonar nan bana.

Anti Hajaratu